Elektron a Zafin Agadas

Maganaɗisun ya iso Agadas a bayan kamyon yayana, a tsakanin buhunan wofi da za a kai Tabelot a cika da albasa. Ta jirgin ruwa ya baro Faransa, ya daɗe a bakin teku, ya ƙara daɗewa kafin ya kai Yamai, a can ne Yaya ya ɗauko shi. Sai da ƙarti suka taru da igiya da guma-guman itace kafin aka sauko da shi. Yaya yana tsaye a inuwar kamyo, ya sassauta rawani, yana kallon dunƙulen baƙin ƙarfe biyu da aka naɗe da waya.

Ya ce, "Wannan ne abin da kika tafi koyo shekara da shekaru?"

Na ce, "Wannan kayan aiki ne kawai, Yaya."

"Me yake yi?"

"Yana karkatar da elektron daga hanyarsu, in auna yawansu da saurinsu."

Ya dube ni, ya dubi ƙarfen, ya ce wa ƙartin su yi hankali da yatsun ƙafarsu.

Yana da haƙƙin tambaya. Babanmu ɗan kasuwa ne da ya zo daga kudu ya zauna Agadas, ya rasu ina ƙarama, Yaya ya ɗauki gidan tun bai yi gemu ba. Shi ya riƙe hannuna ya kai ni lakwal, makarantar boko. Da na ci bak, jarrabawar shiga jami'a, a gaban kamyonsa na zauna har Yamai, akwatina a ɗaure a sama tare da kaya. Bai taɓa sanin mene ne fizik ba, amma duk wanda ya tambaye shi a tasha sai ya ce ƙanwarsa tana karanta shi, ya faɗa da nauyi kamar yana faɗin sunan wani babban gari.

Abin da nake yi ba shi da wuyar faɗa. Akwai abubuwan da kuran, wato wutar lantarki, yake bi ta cikinsu ba gardama, kamar jan ƙarfe. Akwai waɗanda ba ya bi sam, kamar ƙarau ko roba. A tsakaninsu akwai wasu masu taurin kai, wani lokaci su bar shi ya wuce, wani lokaci su hana, gwargwadon zafi da haske da ɗan abin da aka gauraya musu. Su ake kira semikondikter. Su ne a cikin telefon da rediyo da fanon rana, farantin nan mai mayar da hasken rana wuta, da ke kan soraye. Kuran kuwa ba kome ba ne illa tafiyar wasu ƙananan ƙwayoyi, elektron. Aikina shi ne in gano yadda suke ratsa waɗannan abubuwa masu taurin kai: me ke tare su, ina suke tsayawa, me ke sa su ci gaba.

A Faransa da sanyi na yi wannan aiki. Muna sanyaya ɗan ɓallin abin da za mu auna da ruwan eliyom har sanyin ya wuce duk wanda mutum ya sani, domin a nan ne kome yake lafawa, tafiyar elektron ta fito fili. A kan haka na rubuta tez ɗina, kundin digirin dokta. Malamin da ya jagorance ni dattijo ne mai kirki, ba zan ɓata shi ba. Shi ne ya sa aka ba ni tsohon maganaɗisun da labonsu, wato ɗakin gwajinsu, za su jefar, da wasu na'urorin awo da suka tsufa. Ranar da na je yi masa ban kwana ya raka ni har bakin ƙofa.

Ya ce, "Ki tafi da su, ɗalibanki su ga yadda abin yake. Amma kada ki wahalar da kanki. Can koyarwa za ki yi, koyarwa kuma aiki ne mai daraja. Bincike irin namu yana son eliyom, da wuta marar yankewa, da mutanen da za ki yi gardama da su. Ba za ki samu ko ɗaya ba."

Ba don raini ya faɗa ba. Tausayi ne, kuma shi ya fi ɓata mini rai. Da raini ne da na mayar masa nan take. Na yi masa godiya, na fita, amma maganar ta hau jirgi tare da ni.

A jami'a aka ba ni ɗaki ɗaya a ƙarshen gini, wanda a da ake tara karyayyun kujeru a ciki. Da safe ina koyar da ƴan shekarar farko, aji cike har wasu na tsaye a taga. Bayan azahar sai in shiga ɗakina in rufe. Shekarar farko ban auna kome ba. Na ɓata ta ina tunanin yadda zan samo sanyi, ina tambaya ko akwai inda ake samun ko da ruwan azot ne, ana ce mini sai dai a wata ƙasa, kuma kafin ya ƙetare hanyar Tawa zai zama iska. Mutane suna wucewa ta gaban ƙofar suna gaishe ni da aiki, ni kuwa ina zaune ina kallon maganaɗisu kamar wadda ta sayi doki ba ta da hanyar hawa.

Wata rana da bazara na ɗora hannu a kan ƙarfen taga zan buɗe, ya ƙona ni har na ja baya. Na tsaya ina duban tafin hannuna. Duk abin da na koya a kan sanyi ne, don su can abin da ya dame su ke nan. Amma fanon da ke kan rufin wannan ginin, da telefon da Yaya yake ajiyewa a gaban kamyo rana tana dukansa tun daga Abalak, babu wanda ya san ruwan eliyom a cikinsu. A zafi suke rayuwa. Na ce to, tambayar da zan yi ke nan. Ba zan ce tunani ne da ba wanda ya taɓa yi ba. Mutane da yawa sun auna a zafi. Amma shi ne wanda hannuna zai kai gare shi, kuma daga ranar na daina neman abin da babu.

Sai da na koyi yin abin awon da kaina, tunda ba mai aiko mini. Ana narka gishirin tutiya a ruwa, a ɗora ɓallin ƙarau a kan risho har ya yi zafi ƙwarai, a fesa masa ruwan a hankali. Ruwan ya ƙafe, ya bar wata shimfiɗa siririya, kamar hucin baki a kan madubi. Wannan shimfiɗar ita ce semikondikter ɗina. Da kwalbar fesa turare na fara, wadda na sayo a kasuwa wurin wata mai kayan kwalliya da ta yi ta mamakin yadda nake zubar da turaren ina riƙe kwalbar. Na farko sun fito fari-fari kamar an watsa nono, wasu suna ɓarewa da farce. Na ɓata ƙarau da yawa. Daga baya na samo a farmasi irin na'urar da masu ciwon fuka suke shaƙar magani da ita, feshinta ya fi laushi, sai shimfiɗar ta fara fitowa garau, tana ɗan walƙiya in an karkata ta ga haske.

A kan kowane ɓalli ina manna wayoyi huɗu sirara kamar gashi. Biyu su shigar da kuran, biyu su gaya mini yawan turjiyar da ya tarar. Sai in ɗumama ɓallin kaɗan-kaɗan ina karanta turjiyar. Awo guda yakan cinye yamma sukutum, kuma wutar gari ba ta san da haka ba. Sau da yawa ina tsakiyar hanya za ta ɗauke, kome ya huce, sai in sake daga farko washegari. Na je wa Yaya na roƙe shi tsofaffin batiran kamyo, na sa aka haɗa su da fano a kan rufi. Abin da ban zata ba shi ne kuran batir ya fi na gari natsuwa, ba ya rawa. Awona ya ƙara tsabta. Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki ranar da na gane haka.

Ana cikin wannan ne wani da muka yi lise, wato sakandare, tare ya zo gari. Ya zama babba a wata ƙungiyar waje mai tallafa wa manoma, yana yawo a farar mota. Ya neme ni har labo, ya duba rishona da kwalabena, ya zauna a kan kujerar da ta fi lafiya.

Ya ce, "Madam, ba zan ɓoye miki ba. Muna neman mai ilimi ya jagoranci aikin famfon rana a garaken Abzin. Ke ƴar gari ce, ke mace ce, kina da digiri. Da ganin sunanki za su sa hannu. Ki bar wannan wasan."

Na ce, "Akwai masu sana'ar da suka fi ni iya haɗa famfo. Wasu ma ni na koya musu lissafinsa. In kana so in haɗa ka da su."

"Ba su da sunan da zai buɗe ƙofa. Ki gaya mini tsakani da Allah, wannan da kike yi, mene ne amfaninsa ga mai garka?"

"Yau dai, babu."

"To?"

"Kana zuwa Turai. Ka taɓa shiga labonsu ka tambaye su amfanin aikinsu ga mai noman alkama?"

"Su sun ƙoshi, Madam."

Na ce, "Wato mu sai mun ƙoshi za a ba mu izinin yin tambaya. Kafin nan mu sayi abin da wasu suka gano, mu ɗaura, in ya lalace mu zauna jiran wani jirgi. Ni ban yarda ba. Ƙasar da ke da mutanen da za su haɗa famfo tana iya ɗaukar mutum ɗaya da zai tambayi abin da ke faruwa a cikin fanon."

Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce in yi tunani. Na ce na yi.

Labari bai kwana ba ya kai wa Yaya. Washegari bayan la'asar muna tsakar gidan Inna, yana dafa shayi a kan ɗan mangal, ya tayar da maganar ba tare da ya dube ni ba. Shi ba irin mutumin farar mota ba ne. Ya san masu garaken nan da sunansu da na ƴaƴansu, a rumfunansu yake kwana in ya je lodi.

Ya ce, "Na ga mutum da idona ya zauna yana kallon albasarsa tana bushewa don esans, man injin ban ruwa, ya yanke a dutse, rijiya cike da ruwa a gabansa. An ce ki zo ki taimaka, kin ce a'a."

"Ban hana a yi aikin ba, Yaya. Na ce ba ni ce zan yi ba."

"Na kai ki lakwal don ki amfani mutane."

"Ka kai ni lakwal don in yi karatu, na yi. Abin da na iya ke nan. In na bar shi, ba wanda zai ɗauka a garin nan, famfo kuwa ko da ni ko ba ni za a haɗa."

"Kina jin kanki?"

"Ina ji."

Inna tana gefe tana tsince shinkafa, ta ce mu sha shayinmu kafin ya huce. Ya zuba mata, ya zuba mini, ya sha nasa a tsaye, ya fita. Daga ranar ya daina biyowa ta gidana in ya dawo daga tafiya. In mun haɗu a wurin Inna mu gaisa kamar maƙwabta. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna. Na san maganarsa gaskiya ce, mutumin da albasarsa ta bushe yana nan, ba ƙirƙira ba ne. Har na bi wata motar kasuwa na je Tabelot na kwana biyu wurin wata ƙawata, na ga garaken, na ga jarkokin esans a jere babu kome a ciki. Na dawo zuciyata da nauyi, na buɗe labo na ci gaba da awo. Ban ga dalilin da gaskiyarsa za ta mayar da tawa ƙarya ba.

A cikin wannan lokaci ne awona ya fara nuna wani abu da bai kamata ba. A ƙa'ida, in ka ɗumama semikondikter turjiyarsa raguwa take yi, elektron suna samun ƙarfin ƙetare abin da ya tare su. Nawa ma haka yake farawa. Amma in zafi ya kai wani wuri sai turjiyar ta juya ta hau, ta yi tozo kamar na raƙumi, sannan ta sake sauka. Na canja wayoyi, na canja ɓalli, na canja batir. Tozon yana nan, sai dai wani lokaci babba, wani lokaci da ƙyar ake ganinsa, kuma ban san abin da ke sa haka ba.

Na aika wa malamina na Faransa zanen awon. Ya kira ni a telefon, muryarsa ta ƙara tsufa.

Ya ce, "Wayoyinki ne ba su manne da kyau ba, ko kuma wutarku. Kada ki damu, yana faruwa. Ki aiko mini da ɓallayen, mu auna a nan da kayan kirki. In akwai wani abu za mu rubuta, sunanki yana ciki."

Na ce, "A'a, Malam. In kana shakkar awona, ka aiko mini da naka ɓallin da ka riga ka san turjiyarsa, kada ka gaya mini, in auna in faɗa maka."

Ya ce ban canja ba. Bai aiko ba, ni ma ban aika ba. Na rubuta abin da na gani na tura wa wata mujallar kimiyya. Bayan watanni aka mayar mini. Ɗaya daga cikin masu tantancewa ya rubuta, cikin ladabi ƙwarai, cewa yana tantamar ko yanayin da aka yi awon zai ba da sakamakon da za a dogara da shi. Bai nuna kuskure ɗaya a lissafina ba. Adireshina ya karanta. Na rufe ordinater, wato kwamfuta, na tafi aji na koyar da darasin ranar, ɗalibai suka ce Madam yau da zafi ta zo.

Damina ce ta warware mini. A Agadas ruwa ba ya zuwa sau da yawa, shi ya sa in korin Telwa ya kawo, gari duka ake fita kallo, mata da yara da masu babur, kowa ya tsaya a gaɓa yana duban jan ruwa yana wucewa da itatuwa. Wannan ranar na je na kalla da safe, na dawo labo da yamma, iska ta yi nauyi, bango yana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na auna wani ɓalli da na riga na auna da rani, wanda tozonsa ɗan ƙarami ne. Sai ga tozo ya tashi ya ninka. Ɓalli ɗaya, wayoyi ɗaya, batir ɗaya. Abin da ya canja kawai iskar ɗakin ce.

Ban yi murna nan da nan ba, don na sha ganin abin da ya yi kama da amsa ya watse. Na nemi wani babban tulun ƙarau mai faɗin baki, na yanka robar cikin taya na yi masa murfin da iska ba ta shiga, na ratsa wayoyina ta ciki. In ina son laima sai in sa ƙaramin faranti na ruwan gishiri a ƙasan tulun. In ina son bushewa sai in zuba irin ƴan ƙwayoyin nan da ake samu a ƙunshe cikin kwalin magani don shanye danshi, bayan na gasa su. Da ruwan gishiri, tozo ya fito. Da ƙwayoyin, ya kwanta. Na maimaita har na gaji, na sa ɗalibaina manya suka maimaita ba tare da ina ɗakin ba. Yana zuwa yana tafiya yadda muka ce masa.

Bayanin da na ba shi shi ne, shimfiɗar nan ba dunƙule ɗaya ba ce, ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna kamar tsakin gero. A kan iyakar ƙwaya da ƙwaya ne iska da ruwan da ke cikinta suke samun wurin zama, su kama elektron masu wucewa, hanya ta ƙuntata. In zafi ya ƙaru sosai sai ya kore su, hanya ta buɗe. Malamina ba zai taɓa ganin wannan ba, domin su a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska duka suke awo. Da na aika masa ɓallayena, da ya auna ya ga layi sumul, ya ce mini wayoyina ne, kuma da na yarda.

Na rubuta masa yadda ake haɗa tulun, dalla-dalla. Ya riga ya yi ritaya, amma yana da mabuɗin labo. Bayan wani lokaci ya kira.

Ya ce, "Na yi da nawa ɓallin. Yana nan. Kin yi gaskiya." Ya ɗan yi tari, ya ci gaba. "Ba sabo fil ba ne, kin sani, wasu sun ga makamancinsa. Amma ban san wanda ya bi shi da laima haka a kan irin wannan shimfiɗa ba. Ga shawarata. Ki sa sunan labonmu a gefen naki. Ba na son kome a ciki, don dai takardar ta wuce ne. Kin ga yadda suka yi miki."

Na ce, "Zan gode maka a ƙarshen maƙalar, in faɗi cewa ka maimaita ka samu daidai. Amma adireshi ɗaya za a gani a sama, Agadas. A nan aka yi."

"Za ki daɗe kina jira."

"Zan jira."

Na daɗe kuwa. Mujalla ta biyu ma ta mayar. Ta uku ta yi mini tambayoyi masu ma'ana, irin waɗanda ake yi wa wanda aka ɗauka da gaske, na amsa, na ƙara awo, ta karɓa. Ba babbar mujalla ba ce. Ranar da ta fito ba abin da ya canja a gari, na sayi tsire na kai wa Inna, ta tambaye ni ko an ƙara mini girma ne, na ce tukuna. Wasu maƙalun suka biyo baya a hankali. Waɗanda muka gama tare da suka zauna a manyan birane sun riga ni zama furofesa da nisa. Ni sai da furfura ta fito mini a goshi kafin a kira ni da sunan. Ban yi baƙin ciki ba, amma ba zan ce ban lura ba.

Yaya kuwa da kansa ya dawo. Wata ranar kasuwa na ji ƙarar kamyo a bakin gini, sai ga shi da batira sababbi fil, ba tsofaffi ba. Ya sa aka shigo da su, ya zauna a kan benci yana kallon lambobi suna canjawa a fuskar na'ura. Ya ce surukinsa na Tabelot ya sa famfon rana, kuma wanda ya haɗa masa ya ce a ajina ya zauna. Na ce na san shi, yana da hannu mai kyau.

Ya nuna tulun da haɓa, ya ce, "Waɗannan fa, har yanzu ba su da amfani?"

Na ce, "Har yanzu."

Ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ce ya yi kuskure ba. Da yamma ya biyo ta gidana da cuku da dabino kamar yadda ya saba a da.

Yanzu mu biyu ne a labon. Ta biyun wata ce ƴar Ingall da ta yi karatu a hannuna, ta tafi Maroko ta yi tez ɗinta, aka yi mata tayin zama ta ƙi, ta dawo da mijinta da ƴaƴanta. Ban ce mata ta dawo ba, ban kuma ce kada ta dawo ba. Na dai share mata rabin tebur. Ta zo da sababbin dabaru da wata ƙaramar na'ura da ta fi duk nawa, kuma ba ta yi wata guda ba ta same ni bayan azahar, ta ja kujera.

Ta ce, "Madam, na sake karanta maƙalarki ta farko. Awon ba shi da aibi. Bayanin ne ban yarda da shi ba."

Na ajiye abin da ke hannuna. "Ina ya karkace?"

"Kin ɗora kome a kan iyakar ƙwayoyi. Ni ina ganin a saman shimfiɗar abin yake faruwa, inda iska take taɓawa kai tsaye. In haka ne, shimfiɗa mai kauri ba za ta nuna tozo sosai ba."

"Na gwada masu kauri."

"Kin gwada, amma kaurinsu bai bambanta da yawa ba. Da ido kika kimanta."

Shekaru na yi ina kare wannan bayani daga mutanen da ba su karanta shi ba, ga wadda ta karanta shi layi-layi tana cewa ya gurgunta. Na ce mata ba ta yi la'akari da girman ƙwayoyin ba. Ta ce ta yi, ta tashi ta ɗauki alli. Muka cika allo, ta goge nawa ta rubuta nata, na karɓe allin na ja layi a ƙarƙashin inda nake ganin ta yi tsalle. Ɗalibai suka taru a taga suna leƙe, sun zaci faɗa muke. Har aka kira la'asar ba wadda ta sauka daga kan maganarta.

Na ce, "To, baki ba zai raba mu ba. Ki yi shimfiɗu masu kauri daban-daban, daga siririya har wadda ta fi duka. Ke za ki fesa, ni zan manna wayoyi, kowacce ta auna ba tare da ɗayar tana ɗakin ba."

Ta ce, "In ya nuna nawa fa?"

"Sai mu rubuta cewa na yi kuskure, sunanki a gaba. Amma ba zai nuna ba."

Ta yi murmushi, ta ɗaura ɗankwalinta da kyau, ta tafi wanke ƙarau. Muna kan awon har yanzu. Ɓallayen farko sun ɗan karkata wajenta, na bayan nan sun dawo wajena, kuma na gaya mata ba zan sa hannu a kan kome ba sai mun ga abin da damina mai zuwa za ta nuna.